Haihuwa a Bayan Gilashi: Fashin Baƙi kan Kiwon Gorila da Danginsa a Gidajen Namun Daji

Ranar 22 ga Disamba, 1956, wani ɗalibin likitancin dabbobi mai suna Warren Thomas, wanda ke aikin wucin-gadi a gidan namun dajin Columbus da ke jihar Ohio a Amurka, ya leƙa kejin wata gorila sai ya ga wani ƙunshi yashe a kan daɓen siminti. Jaririya ce, tana nan cikin jakar ruwan da aka haife ta da ita, uwar kuma ta ja gefe, ko kallonta ba ta yi. Ya ɗauko ta ya fasa jakar. Da ya ga numfashinta na ɗaukewa sai ya kafa bakinsa a nata, ya yi ta hura mata iska har ta farfaɗo. Aka sa mata suna Colo. Ita ce gorila ta farko da aka taɓa haifa a hannun ɗan Adam. Kafin ita, duk gorilar da mutum ya biya kuɗi ya kalla a bayan ƙarfe, daga daji aka kamo ta.

Colo ta yi shekara 60 a duniya, ta mutu a watan Janairun 2017 bayan ta ga 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. A tsakanin haihuwarta da mutuwarta lamarin ya juye gaba ɗaya. Da farko ciwon kan masu gidajen namun daji shi ne yadda za a yi waɗannan dabbobi su haihu. Yau ciwon kansu shi ne inda za su ajiye abin da aka haifa.

Bari mu daidaita suna tukuna. Bahaushe kan ce gwaggon biri ga kowane ƙaton biri, amma waɗanda masana ke kira manyan birai iri huɗu ne: gorila, cimfanzi, bonobo da orangutan. Ukun farko a dazukan Afirka suke, orangutan kuwa sai a tsibiran Borneo da Sumatra. Dukkansu ba su da wutsiya. Ƙwayoyin halittar gorila da cimfanzi sun yi daidai da na mutum da kusan kashi 98 cikin ɗari, shi ya sa cutar da ke kama mu take kama su, maganin da ke yi mana aiki yake yi musu, har tsinken gwajin ciki da mata ke saya a kantin magani da shi ake gane gorila ta samu juna biyu.

Ba a ɗaukar jaririn gorila a daji sai an bi ta kan gawar uwarsa. Yana manne da ita dare da rana, kuma maigidan garken, wato ƙaton namijin nan mai furfurar baya, ba ya gudu ya bar iyalinsa, tsayawa yake yi har a harbe shi. A 1969 an kamo wasu ƙananan gorilolin tsaunuka biyu, Coco da Pucker, don kai su gidan namun dajin Kolon a Jamus, aka kashe manya da dama a wurin kamun. Masaniyar nan mai nazarin gorila, Dian Fossey, ta yi jinyarsu a Ruwanda, ta yi iya yinta kada a tafi da su, amma ba ta yi nasara ba. Su biyun sun mutu a 1978. Irin wannan ɓarna ce ta sa yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa manyan birai duka a jerin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ƙofar daji ta rufe ke nan. Gidan namun dajin da ke son ya ci gaba da nuna gorila, dole ya koyi yadda za ta haihu a hannunsa.

Koyon ya ɗauki lokaci, domin an fara da kuskure. A da, ana ajiye su ne a ɗakin da aka lulluɓe da tayil kamar banɗaki, saboda tsoron tarin fuka da ciwon huhu da gudawa da ke kashe su. Ɗakin ya wanku tas, amma babu ciyawa, babu abin hawa, babu inda za a ɓuya. Sai a haɗa namiji ɗaya da mace ɗaya tun suna ƙanana, su tashi kamar wa da ƙanwa, a zauna ana jiran ciki shekara da shekaru. A gidan namun dajin Landan, daga 1926 har zuwa 1972, zaunar da 'ya'yan cimfanzi ake yi a teburi suna shan shayi mutane na dariya. Wani gorila mai suna Willie B. ya shafe shekara 27 shi kaɗai a cikin ɗaki a Atlanta, daga shi sai tayar mota da ke reto da akwatin talabijin. Sai a 1988 ya taka ciyawa ya ga sararin sama. Abin da ke taɓa mini zuciya a labarinsa shi ne, bayan wannan doguwar kaɗaici ya koyi zama da mata, ya haifi 'ya'ya biyar kafin ya mutu a shekarar 2000.

Abin da aka gano a ƙarshe ba wani sirri ba ne: gorila ɗan dangi ne. A daji yana zama ne a garke, namiji babba ɗaya da mata uku ko huɗu ko fiye, da 'ya'yansu. Da aka fara haɗa su haka, aka ba su fili mai bishiyoyi da tudu da kwari, irin wanda gidan namun dajin Woodland Park a Seattle ya buɗe a 1979, sai haihuwa ta zama ruwan dare.

Amma haihuwa daban, raino daban. Mutane da yawa na ɗauka cewa kowace dabba da sanin goyo ake haifarta. Ga manyan birai ba haka abin yake ba, koyo suke yi da ido. Budurwar gorila tana kallon uwarta da kishiyoyin uwarta suna shayarwa, tana ɗaukar ƙannenta tana wasa da su, a haka take sanin yadda ake riƙe jariri. Wadda aka raba da uwa tun tana jinjira aka shayar da ita da bulumboti, ranar da ta haihu sai ta rasa yadda za ta yi da abin da ya fito daga jikinta. Sai a karɓe jaririn a raine shi da hannu, shi ma ya tashi bai san komai ba, a yi ta zagaye a wuri ɗaya. Shi ya sa masu wannan sana'a ke girmama shekarar 1961, lokacin da aka haifi Jambo a Basel ta Suwizalan, uwarsa ta rungume shi ta raine shi da kanta.

Har gobe ana fama da wannan. A 2024, gidan namun dajin Dublin ya gayyato mata masu shayarwa kusan 30, suka riƙa zama bi da bi a gaban gilashin wata orangutan mai ciki, Mujur, suna ba 'ya'yansu nono don ta gani. Ta yi haihuwa biyu a baya, duka jariran ba su rayu ba. Ta zuba musu ido sosai, kuma da ta haihu ta nuna wa jaririn ƙauna, sai dai ba ta iya sa shi a nono yadda ya kamata ba, dole aka ɗauke shi. Dabarar da ta fi yin aiki yanzu ita ce neman uwar riƙo. A 2013, da uwar wata jaririyar gorila mai suna Gladys ta ƙi ta a Texas, an kai ta Cincinnati, ma'aikata suka riƙa sa riga mai baƙin gashi, suna rarrafe da ita a gadon baya, suna gurnani ƙasa-ƙasa irin na gorila, suna karɓar juna ba dare ba rana, don kada ta saba da ɗabi'ar mutum. Bayan wasu watanni aka miƙa ta ga wata gogaggiyar uwa, M'Linzi, ta karɓe ta kamar ita ta haife ta.

Likitanci ma ya shigo. An haifi Timu a Cincinnati a 1995 ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. A Bristol ta Ingila a 2016, da Fort Worth ta Amurka a 2024, likitocin haihuwa na mutane aka kira suka yi wa gorila tiyata suka ciro jaririya, saboda hawan jinin masu ciki.

To wa ke zaɓar wanda zai haihu da wa? Ba dabbobin ba ne, ba kuma shugaban gidan ba. Kowane gorila yana da lamba a kundin nasaba, inda ake rubuta uwarsa da ubansa da duk inda ya taɓa zama. Ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka, AZA, ta kafa tsarinta na kula da haihuwa a 1981, takwararta ta Turai kuma tsarinta ya fara a 1985. Tunda ba a ƙara kawo sabon jini daga daji, duk waɗanda ke hannu zuriyar 'yan tsirarun da aka kamo ne a da, kuma idan aka bar su sakaka, a kwana a tashi kowa zai zama ɗan'uwan kowa, nakasa da raunin haihuwa su biyo baya. Don haka kwamfuta ke lissafa kusancin jinin kowane ɗaya da sauran. Wanda jininsa bai yaɗu ba shi ke kan gaba a layi, wanda ya riga ya cika gidaje da jikoki sai a dakatar da shi. Burin da aka saba sa wa gaba shi ne a riƙe kashi 90 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin halittar asali har tsawon shekara 100. Macen da ba a son ta haihu, ƙwayar hana ɗaukar ciki irin ta mata ake ba ta a cikin abinci, ko a sa mata ta ƙarƙashin fata. Wadda aka zaɓa kuwa, ana iya sa ta a akwati a hau jirgi da ita zuwa wata ƙasa, wurin namijin da ba ta taɓa gani ba.

Haɗa su ba wasa ba ne. Ana fara ajiye su a ɗakuna maƙwabta, raga a tsakani, su ji warin juna, su saba da muryar juna makonni ko watanni. Idan maigida ya mutu ya bar mata da goyo, ba a gaggauta kawo sabon namiji, domin yana iya kashe jaririn da ba nasa ba don uwar ta dawo da wuri ta ɗauki nasa cikin. Haka suke yi a daji ma. Kuma kowane iri da tsarinsa: a wurin cimfanzi maza ke zama gida mata su fita, a wurin bonobo mata ke da ta cewa kuma ɗa na jingina da uwarsa har girmansa, orangutan kuwa ya fi son zaman kansa, macen kan yi shekara bakwai zuwa takwas tsakanin haihuwa da haihuwa. An ma taɓa yin wani kuskure da orangutan, aka yi ta haɗa na Borneo da na Sumatra kafin a tabbatar jinsi daban-daban ne. 'Ya'yan da aka samu ruwa-biyu suna nan, an hana su haihuwa, ana ciyar da su har ƙarshen ransu.

Nan muka zo inda gizo ke saƙar. Gorila na haifar maza da mata kusan daidai wa daida, amma garke namiji babba ɗaya yake ɗauka. Idan kowane maigida yana da mata uku, ka ga a cikin kowane maza uku, biyu ba su da gida. A daji wannan ba matsala ba ce: saurayi na kai shekara goma sha wani abu, furfura ta fara fito masa a baya, sai ya bar garken ubansa ya shiga duhun daji, ya yi ta yawo shi kaɗai har ya samu macen da za ta bi shi, ko ya mutu bai samu ba. A gidan namun daji babu dajin da zai shiga. Ga shi ya kai kilo 150 ko ma 200, ya fara yi wa ubansa kallon hadarin kaji, katanga kuma ta kewaye su duka.

Hanyoyin da ake da su kaɗan ne, kuma babu mai daɗi. Ta farko ita ce gidan tuzurai, a tara maza zalla su zauna tare. Yana tafiya lafiya idan sun tashi tare tun suna yara kuma fili na da faɗi, da lunguna da ƙofofi biyu-biyu yadda wanda aka kora zai samu mafita. Amma idan duk suka zama ƙarti, sau da yawa faɗa kan ɓarke, a ji munanan raunuka, a koma raba su. Ta biyu ita ce a ajiye namiji shi kaɗai, wato a koma gidan jiya irin na Willie B. Ta uku, wadda wasu gidajen Turai ke bi, ita ce dandaƙa tun yana ƙarami. Wanda aka dandaƙe ba ya yin furfurar baya, ba ya yin ƙirar maigida, saboda haka uban ba ya ganinsa a matsayin abokin gaba, sai ya ci gaba da zama cikin danginsa. Gidajen Amurka sun fi karkata ga gidan tuzurai. Ta huɗu ita ce wadda ba a son furtawa. A 2021 wata takardar cikin gida ta ƙungiyar Turai, EAZA, ta fita fili, aka ga an tattauna batun kashe rarar maza a matsayin ɗaya daga cikin zaɓuɓɓuka. Duniya ta yi ca, ƙungiyar ta ce ba ta aiwatar da hakan. Na yarda ba a yi ba, amma kasancewar maganar ta kai ga takarda ya isa ya nuna irin tsaka-mai-wuyar da ake ciki.

Wani zai ce a daina haihuwar mana. Nan ma gaba kura ce baya sayaki. Garken da babu yara a cikinsa ya zama kango: 'yan mata ba su ga goyo ba balle su koya, manya ba su da abin da ke motsa su, kuma macen da ta daɗe ba ta haihu ba tana iya gagara ɗaukar ciki lokacin da ake buƙata.

Ga kuma ciwon zuciya, wanda shi ne kan gaba wajen kashe manyan mazan gorila a gidajen namun daji. Naman zuciyar ne ke taurara a hankali har ta kasa harba jini, wani lokaci a kwanta da dabba lafiya a wayi gari ta mutu. A 2010 aka kafa wani shiri na musamman a Atlanta don tattara bayanan zuciyar manyan birai daga gidaje daban-daban. Da yake allurar barci na da haɗari ga mai ciwon zuciya, sai aka koma horar da su. Za ka ga ƙaton namiji ya zo da kansa ya manna ƙirjinsa a jikin raga, ma'aikaciya na ɗiga masa ruwan 'ya'yan itace a baki, wata kuma na goga na'urar ɗaukar hoton zuciya a ƙirjin, shi ko a jikinsa. An kuma sake duba abinci. A daji gorila na shafe wuni yana tsinkar ganye da ɓawo da kara masu tauri. A keji kuwa an daɗe ana ba shi biskit na musamman da 'ya'yan itace masu zaƙi, ya cinye cikin 'yan mintuna ya zauna zugum. Daga nan wata ɗabi'a ta samo asali, ya amayo abin da ya ci a tafin hannu ya sake lashewa, abin da ba a san na daji da shi ba. Da gidan namun dajin Cleveland ya janye biskit ya koma ganye mai yawa, mazansa biyu sun rage ƙiba, ɗabi'ar amayon ma ta ja baya ƙwarai. Gilashin da ke tsakaninsu da 'yan kallo kuwa, rabin aikinsa kare su ne daga tarinmu da murarmu. A Janairun 2021 korona ta kama gorilolin San Diego.

Sauran haɗarin kowa ya ji labarinsu: harbe wani gorila mai suna Harambe a Cincinnati a 2016 bayan yaro ɗan shekara uku ya faɗa wurinsa, da gobarar daren sabuwar shekarar 2020 da ta cinye gidan birai a Krefeld ta Jamus.

Duk wannan wahala, me ake nema da ita? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ana ceton jinsin daga ƙarewa. A nan nake ganin ya kamata a faɗi gaskiya tsakani da Allah. Kusan duk gorilolin da ke gidajen namun daji, 'yan ɗaruruwa a Amurka da 'yan ɗaruruwa a Turai, iri ɗaya ne, wato na dazukan kwarin yammacin tsakiyar Afirka. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta akwai irinsu kusan 360,000 a daji, kodayake suna raguwa da kusan kashi 2.7 cikin ɗari duk shekara saboda farauta da Ebola da saran daji. Waɗanda suka fi kusa da bakin rami kuwa ba sa cikin tsarin kiwon. Gorilan Kuros Riba da ke iyakar Najeriya da Kamaru bai wuce 300 ba, kuma babu gidan da ke kiwonsa. Gorilan tsaunuka na Ruwanda da Yuganda da Kwango ya farfaɗo har ya haura 1,000 a ƙidayar da aka fitar a 2018, ba tare da keji ko ɗaya ba. Masu gadin daji ne suka yi wannan aiki, waɗanda da yawansu suka rasa rayukansu a gandun dajin Virunga na Kwango, tare da likitocin da ke bin dabbobin har cikin tsauni, da kuɗin masu yawon buɗe ido.

Mayar da haifaffen keji daji ma ba kamar buɗe wa tsuntsu ƙofa ba ne. Gidauniyar Aspinall ta Ingila ta yi shekaru tana sakin gorila a Kwango da Gabon, an kuma samu haihuwa a can, wanda abin yabo ne. Amma iyalin da ta kai Gabon daga Ingila a 2013, da dama daga cikinsu sun mutu a shekarar da ta biyo baya. Wanda ya saba da mutum ba ya tsoron mafarauci, bai san wace bishiya ke nuna a wane wata ba, yana kuma iya kai wa na daji cuta.

Wannan ba ya nufin gidajen ba su tsinana komai. Sashen gorila na gidan namun dajin Bronx a New York, wanda aka buɗe a 1999, ya tara sama da dala miliyan 10 daga kuɗin shiga cikin shekaru goma na farko, aka tura su aikin kare dazukan Afirka. Ilimin allurar barci da tiyata da aka samu a keji yana amfanar na daji da marayun da ake ƙwacewa daga hannun 'yan fasa-ƙwauri. Kuma marayun ba su daina zuwa ba. A 2002 an kai ƙananan gorila huɗu gidan namun dajin Taiping a Malesiya da takardun ƙarya cewa a keji aka haife su, sai a 2007 aka mayar da su Kamaru. A Disambar 2024 an gano wani jaririn gorila cikin akwati a filin jirgin saman Istanbul. Kalmar nan ta "haifaffen keji" ita kanta ta zama rigar da ɓarayi ke sa wa abin da suka sato.

A nawa ganin, hujjar da ta fi ƙarfi ta ci gaba da kiwon ba ceton jinsi ba ce, haƙƙin waɗanda ke hannu ne. Kakanninsu mu muka kamo, su kuma ba su da dajin komawa, saboda haka dole a ba su zaman dangi, da yara a cikinsa. Amma a rage yawan haihuwar, kuma kada gida ya bar mace ta ɗauki ciki sai ya tanadi inda ɗan zai zauna idan ya zo namiji, har tsufansa. Jariri na jawo 'yan kallo shekara biyu ko uku, ɗawainiyarsa kuwa ta shekara 40 ce ko 50. Ozzie, wani namiji a Atlanta, sai da ya kai 61 kafin ya mutu a 2022. Fatou kuma, wadda aka kamo daga Afirka aka kai Berlin a 1959, an yi mata bikin cika shekara 67 a 2024. Haƙoranta sun zube, sai abinci mai laushi ake shirya mata, kuma an ware mata wurinta daban kusa da sauran garken, domin ƙarfinta ba ya ɗaukar hayaniyar matasa.